Gogen Turawa Mai Tsirkiya Huɗu: Yadda Za a Saurari Kiɗan Mendelssohn

  Gaisuwa ga masu shanu a ruga da bakin rijiya, da fatake da direbobi da 'yan kamasho masu jiran a ɗage shinge a bakin iyaka. Allah ya kai kowa gida lafiya.

A makon jiya mun saki wani guntun kiɗa na minti biyu don cike lokaci kafin labarai, sai ga saƙonni suna shigowa. Wani ya ce ya ji goge ne, amma wane irin goge ne wannan mai hawa sama kamar kukan tsuntsu? Wani kuma ya yi mana faɗa ne sosai. Ya ce kiɗan da ba waƙa, ba kirari, ba a ambaci sunan kowa ba, me za a ci a ciki, har da za a ƙarar wa mutum batir? Tambaya ce mai kyau, kuma ita za mu amsa yau. Abin da kuka ji farkon wani dogon kiɗa ne na ƙasar Jamus, wanda Felix Mendelssohn ya tsara, aka fara kaɗa shi a 1845. Tsawonsa bai cika rabin awa ba.

Mu fara da abin kiɗan kansa. Gogenmu kowa ya san shi: ƙoƙo, da fatar guza, da tsirkiya ɗaya ta izgar doki. Fulani na da nyanyeru, Abzinawa na da imzad wanda mata ke gogawa, Zabarmawa na da nasu. Na Turawa, wanda ake ce wa bayolin a ɓangaren Najeriya, biyolon a bakin masu Faransanci, da katako ake sassaƙa shi, tsirkiyarsa huɗu, kuma a kafaɗa ake ɗora shi a danne da haɓa. Sai dai in ka duba bakan da ake goga shi, izgar doki ce dai, gashi wajen 150 ko fiye, galibi daga dawakin ƙasashe masu sanyi irin su Mongoliya. Ana shafa mata ƙaron itace don ta kama tsirkiya, kamar yadda mai gogenmu ke yi. A zamanin Mendelssohn kuwa, tsirkiyoyin da hanjin tumaki ake murza su. Yau an fi amfani da waya da zaren roba, ko da yake har yanzu akwai masu neman ta hanjin saboda taushin muryarta. To kun ji, da ba makiyayi, da wannan kiɗa bai samu baki ba.

Irin wannan kiɗa sunansa konceto. Mai goge ɗaya ne ke tsaye a gaba, a bayansa kuma taron makaɗa arba'in zuwa sittin a zaune: masu goge manya da ƙanana, masu sarewa, masu wata busa 'yar'uwar algaita, masu ƙaho, masu begila, da mai tambura. Akwai jagora mai riƙe da 'yar sanda yana daidaita su. Kowane sauti a rubuce yake a takarda, ba wanda ke ƙara nasa. Zamanin da aka tsara shi, wato ƙarni na 19, Turawa na kiransa zamanin Romantik. Kada sunan ya sa ku ɗauka zancen saurayi da budurwa ne kawai. Makaɗan lokacin sun ɗauki kiɗa a matsayin hanyar fitar da abin da ke cin zuciya: kewa, da bege, da fargaba, da irin abin da mutum ke ji in dare ya same shi shi kaɗai a daji.

Mendelssohn an haife shi a Hamburg a 1809. Bayan shekara ɗaya aka haifi wani yaro a cikin gidan nan dai da aka haife shi, sunansa Ferdinand David. Suka girma suka zama aminai, ɗaya mai tsara kiɗa, ɗaya gwanin goge. A 1835 aka ba Mendelssohn jagorancin makaɗan birnin Leipzig, shi kuma ya jawo David ya zama shugaban masu gogensa.

Fatake, ku matso, nan akwai naku. Leipzig garin kasuwa ne tun fil azal, ya zauna a mararrabar manyan hanyoyin fatauci biyu, ɗaya gabas da yamma, ɗaya kudu da arewa, kuma kasuwar baje kolinsa ta yi ɗaruruwan shekaru tana ci. Zauren da ake kiɗan sunansa Gewandhaus, ma'anarsa gidan tufafi, domin a ginin 'yan kasuwar yadi aka keɓe shi. Ƙungiyar makaɗan ma ba ta sarki ba ce. Attajiran gari ne da masu hali suka haɗa kuɗi suka kafa ta don su riƙa jin kiɗa.

A watan Yuli na 1838 Mendelssohn ya rubuta wa David wasiƙa cewa yana so ya tsara masa konceto, kuma farkon karin ya riga ya shiga kansa ya hana shi sakat. Ya yi zaton damina ɗaya ko ɗari ɗaya zai isa. Shekara shida aikin ya ci. Shi kansa ya iya goge, amma bai kai David ba, don haka ya riƙa tuntuɓarsa: nan yatsa zai kai? nan ba za a danne muryarka ba? Ya kammala a watan Satumba na 1844, ya kuma ci gaba da gyare-gyare. Ran 13 ga Maris 1845 David ya kaɗa shi karon farko a Gewandhaus. Mai kiɗan bai samu halarta ba, wani ɗan Denmak mai suna Niels Gade ne ya riƙe sanda. Mendelssohn ya rasu ran 4 ga Nuwamba 1847 yana da shekara 38, wata shida bayan rasuwar yayarsa Fanny, wadda ita ma gwanar tsara kiɗa ce.

Yanzu ga yadda za a saurara. Kiɗan zango uku ne. Na farko shi ne mafi tsawo, minti goma sha biyu zuwa sha uku. Na biyu wajen takwas, na uku wajen shida.

Al'adar da Mendelssohn ya tarar ita ce taron makaɗa su fara, su yi minti biyu ko uku suna share fage, mai gogen na tsaye yana jira kamar ango. A konceton Beethoven, wanda ya riga wannan da kusan shekara arba'in, sai ya yi fiye da minti uku bai ɗaga baka ba. Mendelssohn ya yar da wannan. Kafin ka ƙirga uku gogen ya shigo, can sama, a kan tsirkiya mafi siriri, da wannan karin da ya hana mai shi barci. Shi kuka ji makon jiya. Ba kuka ba ne, ba kuma murna ba. Ya fi kama da mutumin da ya taso da asuba da magana a bakinsa, yana sauri ya isar da ita. Ku riƙe wannan kari da kyau, shi ne take, zai tafi ya dawo. Wanda ya iya gane saniyarsa da kukanta a cikin garke ɗari ba zai kasa riƙe shi ba.

Wajen minti na uku sai guguwar ta lafa. Gogen ya gangaro daga sama a hankali, ya sauka, ya sauka, har ya kai sauti mafi ƙasa da yake da shi, na tsirkiya mai kauri, wadda ba a ɗora mata yatsa ba. Nan ya tsaya. Sauti ɗaya tak yake ja, doguwar ja, a hankali. A samansa masu sarewa da masu busa suka ɗauko sabon kari mai sanyi. Ku lura da abin da ya faru. Gwanin da aka taru dominsa, wanda sunansa ke jikin takardar gayyata, ya koma ƙasa ya zama murhu, wasu suna ɗora tukunya a kansa. Sai da suka gama faɗin nasu sannan ya karɓa ya maimaita.

A ganina nan ne ake gane mai goge. Gudu da yatsu abu ne da yaro mai ƙwazo zai koya in ya samu malami da shekaru. Amma a wannan wuri hannun hagu ba shi da aiki, ba girgiza yatsa, ba ado. Baka ne kawai da izga. In ya danna da yawa ya rufe masu busa, in ya sassauta da yawa sautin ya tsinke, kuma bakan zai ƙare dole ya juyo da shi ba tare da kunne ya ji wurin juyawar ba. Mai son a gan shi ba ya iya haƙurin wannan wuri, za ka ji yana ƙara ƙarfi kamar mai cewa ga ni nan fa. Tsofaffin fataken Gwanja kan ce jagaba ne ke gaban ayari, madugu kuwa sau da yawa a baya yake, inda gajiyayyu suke. Makiyayi ma ya san lokacin da zai shiga gaba shanu su bi muryarsa, ya san lokacin da zai koma gefe ya bar su su sha ruwa.

Wuri na biyu yana zuwa wajen minti na bakwai. Taron makaɗa duka su yi shiru, a bar gogen shi kaɗai. Wannan ana ce masa kadenza. Kafin Mendelssohn, a ƙarshen zango ake ajiye shi, kuma a bar wa mai goge ya zuba abin da ya ga dama don ya nuna bajinta, wani har ya manta da kiɗan da ya kawo shi. Mendelssohn ya ɗauko shi ya sa a tsakiya, ya kuma rubuta kowane sauti da hannunsa. A ƙarshensa za ku ji bakan yana tsalle a kan tsirkiya huɗun, gaba da baya, gaba da baya, da sauri, kamar yayyafi a kan kwano. Kana jiran ya tsaya a tafa masa, sai ka ji take ya dawo daga can baya, a bakin masu sarewa da sauran masu goge, a hankali. Shi kuwa gwanin bai fasa yayyafinsa ba, ya zama shi ke yi musu rakiya. Wallahi ko sau nawa mutum ya ji wannan wuri sai tsigar jikinsa ta tashi. Mai goge nagari a nan yakan rage murya daidai lokacin da taken ya leƙo, ya ba shi hanya. In ka ji yayyafin ya rufe taken, to ko mai gogen ya cika son kai, ko mai ɗaukar sautin ya matso masa da makirufo fiye da kima.

Zangon farko yana ƙarewa da gudu da ƙarfi, kowa ya buga sautin ƙarshe tare. A zamanin, nan jama'a ke ɓarkewa da tafi, a yi tari, a gyara zama, a yi hira. Mendelssohn ba ya son wannan katsewa. Sai ya yi dabara. Akwai wata doguwar busa ta katako mai kaurin murya, ana ce mata basun. Kowa ya yi shiru, mai basun kaɗai ya ƙi sakin sautinsa. Ya riƙe shi, siriri, shi kaɗai a cikin zaure, sannan ya ɗaga shi taki ɗaya. Sauran suka shigo ɗaya bayan ɗaya, kafin ka farga an shiga zango na biyu. Wanda ya ɗaga hannu zai tafa sai ya mayar. Ku da kuke kwana biyu a bakin shinge tsakanin duwan da kwastan, ga iyakar da aka ƙetare ba a sauke kaya ba.

Zango na biyu waƙa ce ba baki. Ba ya bukatar dogon bayani, irin kiɗan da ake ji ne bayan an ɗaure maruƙa an hura wuta. Abu ɗaya zan ce ku kula da shi. A tsakiyarsa hadari ya haɗu kaɗan, kuma za ku rantse masu goge biyu ne, ɗaya na jan kari ɗaya na kaɗa masa rawar sanyi a ƙasa. Mutum ɗaya ne, tsirkiya biyu yake gogawa lokaci guda. Wannan shi ne abin da tsirkiya ɗaya ba za ta ba ka ba. Ita kuma tamu tana da nata, domin gogen Garba Liyo magana yake yi, Bahaushe na jin abin da ya ce, abin da na Turawa bai san hanyarsa ba. Haɗarin zangon nan shi ne a cika masa zuma. Wasu sukan ja shi har ya kwanta, alhali kalmar da mai shi ya rubuta a kansa da Italiyanci tana nufin tafiyar ƙafa. Tafiya ce, ba jan gawa ba.

Daga nan 'yar gajeruwar gada, sai begila ta yi kira, sai zango na uku ya ɓalle kamar 'yan awaki da aka buɗe wa turke da safe. Wasa ne da tsalle har ƙarshe. A nan sauƙin hannu ake nema, kada a ji gumi.

Tunda a rubuce kiɗan yake, wani zai ce ai duk wanda ya kaɗa ɗaya ne. Ko kusa. Hanya ɗaya ce daga Maraɗi zuwa Katsina, amma ba direba biyu da ke tuƙa ta iri ɗaya. Akwai faifai biyu da nake so ku gwada. Na farko na Jascha Heifetz ne, wanda aka haifa a Vilnius ya koma Amurka, ya ɗauka a 1959 da makaɗan Boston. Gogen da ya fi riƙewa a rayuwarsa ƙirar Guarneri ne na garin Cremona a Italiya, kuma shi ne ainihin gogen da Ferdinand David ya mallaka. Heifetz ba ya cika minti ashirin da biyar. Kaifi ne da tsabta kamar aska, ba sautin da ya kauce ko da gashi ɗaya. Masu son sa na cewa shi ya fi kama zafin da Mendelssohn ya nema a zangon farko, kuma suna da hujja. Ni dai a wurin tsirkiya mai kauri nakan ji kamar yana duban agogo.

Faifai na biyu sai an san abin da ya faru kafinsa. Kakan Mendelssohn, Moses Mendelssohn, babban malamin falsafa ne Bayahude. Shi Felix an yi masa baftisma yana ɗan shekara bakwai, ya rayu ya mutu Kirista. Wannan bai hana ba, da Hitler ya hau mulki a 1933 aka ture kiɗansa daga zaurukan Jamus saboda jininsa. Kiɗan da kowane ɗalibin goge a ƙasar ya tashi da shi ya zama abin da ba a kaɗawa. A watan Nuwamba na 1936 aka zo da dare aka tumɓuke mutum-mutuminsa da ke gaban Gewandhaus, lokacin magajin garin, Carl Goerdeler, yana tafiya a waje. Da ya dawo ya nemi a mayar aka ƙi, sai ya ajiye muƙaminsa. Daga baya an kashe shi a 1945 bisa hannu a yunƙurin kawar da Hitler. Sai a 2008 aka sake kafa irin wannan mutum-mutumi a Leipzig. Duk wanda aka taɓa tsayarwa a hanya aka tambayi ƙabilarsa kafin a dubi takardarsa ya san ɗanɗanon wannan abu.

To, Yehudi Menuhin Bayahude ne haifaffen New York. Da yaƙi ya ƙare a 1945 ya je ya yi wa waɗanda suka tsira daga sansanin Bergen-Belsen kiɗa. A 1947 kuma ya tafi Berlin ya tsaya tare da Wilhelm Furtwängler, jagoran makaɗan da ya zauna a Jamus ya ci gaba da aiki kusan duk tsawon mulkin Hitler. Menuhin ya sha suka mai zafi daga mutanensa a kan haka, kuma masu sukar ba mahaukata ba ne, raunin ɗanye ne. A 1952 su biyun suka ɗauki wannan konceto da makaɗan Berlin, a garin da aka hana shi shekarun baya kaɗan. Hannun Menuhin bai kai na Heifetz tsabta ba, mai kunne zai ji wuri ɗaya ko biyu da sautin ya ɗan karce. Faifan ma tsoho ne, yana da shuu. Amma yana saurarar na bayansa. In masu busa suka ɗauko karinsu za ka ji ya ba su wuri da zuciya ɗaya, in ya karɓa kuma kamar amsa yake ba su. Shi na fi so, kuma ban ce dole ku bi ni ba.

Ga mai saƙon da ya ce ba a ambaci sunan kowa ba: gaskiya ne, ba a ambata ba, kuma ba wanda zai yi maka liƙi ko ya roƙe ka. Kai ma in kana busa sarewa a bayan garke ba sunan wanda kake kira, amma ka san abin da kake faɗa, shanun ma sun sani.

Daren Laraba bayan isha'i za mu saki na Menuhin gaba ɗaya, ba talla a tsakani, ba za mu sa baki ba. Daren Alhamis a daidai lokacin sai na Heifetz. A tanadi batir, masu sola a cika tun da rana. Masu saurare ta waya, in da hali a sa abin kunne, domin ƙaramar lasifika ba ta fitar da tsirkiya mai kauri da muryar basun, su ne kuwa muka ce a kasa wa kunne. In iska na kaɗawa a juya wa rediyo baya. Wanda ya ji duka biyun ya aiko mana ya faɗi wanda ya fi kwanta masa, da dalili, musamman masu goge da kukuma da nyanyeru, muna so mu ji yadda hannun baka na mutanen nan biyu ya yi a kunnenku. Za mu karanta saƙonnin a shiri na gaba, kafin farashin dabbobi na kasuwannin iyaka.

Sai Laraba in Allah ya kai mu. A kwana lafiya.